Gurbin da Ya Bar Min a Cikin Waƙa

Talata, bayan azahar

Hasna, sauke yarinyar nan ki zo. Yanzu nake nufi, ba sai kin gama wanke-wanke ba. Ɗauko abin rubutu ki saurare ni, don in na bari zuciyata ta kwanta zan fara cewa kunnena ne, alhali na ji, kuma na gani.

Fara da sunana. Ni ce Ɗelu ta Ringim, uwar mijinki, wadda ta zo Kuala Lumpur yi miki wankan jego cutar nan ta ɓarke aka rufe hanya, har jaririyar ta yi ƙafa ban koma gida ba. To rubuta: yau fiyanon maigidanki ya yi kiɗa shi kaɗai.

Ina zaune a falo ina ninke kaya, kujerarsa ba kowa, sai kiɗa ya tashi. Kuma ba kiɗan wani ba, nasa. Na san hannunsa, na san yadda yake sakar wa na hagu nauyi. Tun ranar Asabar da mutanen nan masu fararen kaya har fuska suka sauka da shi, ba wanda ya zauna a wurin. To wa ya kaɗa?

Kin ce Mu'mina ce ta miƙa hannu ta taɓa kwamfuta. Na ji ki. Yarinyar da cokali yake kuɓuce mata, ita ce za ta yi kiɗan ubanta?

Abin da na yi ma ki rubuta. Na cire wayoyin nan kaf, na bayan fiyano, na jikin ɗan akwatin nan mai fitilu, na kwamfuta. Na nannaɗe su kamar igiyar guga na zuba a ƙwaryata, na lulluɓe fiyanon da zane. Ban ji tsoro ba. Hannuna ne kawai yake rawa, shi kuma dama yana yi.

Abin da ya zo min a rai ba zan faɗa ba, ke ma kar ki sa shi. Kira asibitin.

Talata, bayan la'asar

Sun ce yana nan. Yana nan, in ji su.

Laraba, da hantsi

Wannan rubutu nasa ne. In ya dawo ya karanta, ya san yadda muka riƙe masa gida. Amma duk inda sunansa ya kamata ya shiga, ki sa "yaron nan" ko "maigidanki". Shi ne ɗana na fari. Tunda na haife shi bakina bai taɓa kama sunansa ba. Haka na tarar ana yi. Uwata har ta koma ga Allah ba ta kira yayana Yahuza da sunansa ba, kuma ba wanda ya ce ba ta son shi.

Ki rubuta ko wane ne shi, ko da wani baƙo zai karanta. Karatun gina gadoji yake yi a babbar makarantar Jalan Semarak, saura kaɗan a fara ce masa dokta. Wannan na rana ne. In ya dawo ya ci abinci, sai ya shige kusurwar nan ta falo ya sa abin kunne. Mawaƙa daga Kano, daga Kaduna, har Yamai, su aiko masa da murya tsirara ta waya, shi ya ɗinka mata riga ya mayar. Ganga, kalangu, sarewa, goge, duk daga yatsunsa suke fitowa, a falon da bai kai rumfar ƙofar ɗakina ta Ringim ba. Ba wanda ya koya masa. Yana ƙarami gwangwanin madara yake jerawa a bayan ɗaki, ni ina yi kamar ban gani ba.

An ɗaura mana munduwar roba ruwan hoda, ni da ke. Ba fita sai sun zo sun yanke. Daga taga ina ganin jirgin ƙasan nan na sama yana wucewa ta tashar unguwarmu Taman Melati ba kowa a ciki, ya tsaya ya buɗe ƙofa, ya rufe. Ko wa yake buɗe wa, oho.

Comfort, maƙwabciyarmu 'yar Jos, ta rataye mana roti, gurasar garin nan, da shayi a ƙofar ƙarfe, tapau, wato a ƙunshe, daga wurin mamak mai shagon abinci na ƙasa. Na ci rabi. Ki sa cewa na cinye.

Alhamis, bayan la'asar

Yau mijin Comfort, Josiah, ya zo. Shi ne mai kaɗa musu fiyano a coci. Ya ɗauko kujera ya zauna a baranda nesa da ƙofar ƙarfe, fuska a rufe, muna magana ta tsakanin sanduna kamar an kai ɗayanmu gidan yari.

Hasna ta ba shi labari. Bai yi dariya ba, Allah ya yi masa albarka, ko da yake na ga kafaɗunsa suna motsi.

Ya ce, "Mama, ba kowa a cikin keyboard ɗin nan. Wayar da kika cire, MIDI ake ce mata. Ba sauti take ɗauka ba, saƙo take kaiwa. In ɗanki ya danna, sai ta gaya wa kwamfuta: ya taɓa nan, da ƙarfi kaza, ya riƙe kaza. Kwamfuta ta ajiye. In aka ce ta maimaita, sai ta dawo da saƙon, keyboard ya yi yadda aka ce masa. Baby ta danna play ne kawai."

Na ce, "Wato sawun hannunsa ne a ciki."

Ya ce, "Exactly, Mama. Kamar sawun ƙafa a jiƙaƙƙen siminti."

Na ce to yaron nan ya iya abin sosai? Ya ce, "Mama, ya fi ni nesa ba kusa ba. Ni nake zuwa wurinsa tambaya." Hasna, wannan ki rubuta shi da kyau, yadda ya faɗa.

To yanzu zan faɗi abin da ban faɗa ba ran Talata. Kiɗan da ya tashi na san shi, waƙata ce. Wadda nake yi wa yara in ina jijjiga su, ta korar tsuntsu daga gona:

Tashi tsuntsu, bar zangarniya,
ba taka ba ce, ta wane ce.

Inda na ce "wane", nan ake sa sunan yaro. Ƙannensa na sa musu, Ubale da Hansatu har suka gaji da ji. Shi kuwa in na zo wurin sai in rufe baki in yi "mm-mm" in wuce. Ashe yana riƙe da abin. Bayan ƙaramar Sallah ya zaunar da ni a kan kujerar nan ya kaɗa waƙar, sai na ji in an zo wurin sunan komai yana tsayawa, ganga, sarewa, duka, shiru kamar an ɗauke numfashi, sannan su ci gaba.

Ya ce, "Iya, wannan gurbin naki ne. Kowa yana da suna a waƙar nan, ni kaɗai ne mm-mm."

Na ce, "Tashi ka ba ni wuri, mara kunya."

Ya ce, "Ba sauri. Gurbin ba ya ruɓewa."

Ya yi ta dariya. Har ƙwaryata ya sa na buga a gaban makirfo, ya ce ya zuba muryarta a cikin ɗan faifan nan mai gidajen roba.

Juma'a, da rana

Akwai wata nas 'yar ƙasar nan a wurin da yake kwance. Ta ce wa Hasna ko da ba ya amsawa, masu irin wannan barcin suna ji. Ta ce a yi masa magana, a kira shi da sunansa, da muryar da ya sani. Ta kara wayarta a kunnensa.

Hasna ta yi nata, ban saurara ba, na shiga kicin. Sannan ta miƙo min.

Ina jin wani abu yana hura iska yana saki, yana hurawa yana saki. Nas ta ce, "Boleh, Mama, boleh," wato zan iya magana. Na buɗe baki. Na ce, "Kai." Na sake cewa, "Kai, yaro. Ni ce." Hasna tana min alama da hannu in faɗa. Sunan yana nan a kan harshena, na ji nauyinsa, amma ya ƙi wuce haƙora. Shekara da shekaru ina tare shi a wurin, ya saba.

Aka kira nas ɗin, ta kashe.

Hasna ta ce, "Iya, ba komai, ai ya san muryarki." Yarinyar kirki ce. Rubuta hakan ko da ke ce mai rubutun, ba ruwana da kunyarki.

Asabar, da safe

Ba abin rubutawa. An yi ruwa.

Lahadi, bayan azahar

Na shanya farin mayafina a taga. Ba a jima ba wani tsoho ɗan China na benen ƙasa ya hau da shinkafa da ƙwai da man girki ya ajiye a ƙofa, yana ta sunkuyawa. Ashe a garin nan yanzu duk wanda abinci ya ƙare masa farin ƙyalle yake ratayawa. Na ce Hasna ta gaya masa wanki ne, gidan nan ba mu rasa komai ba, mai gidan injiniya ne. Ya ce to a ci duk da haka. Na cire mayafin da sauran danshinsa.

Amma ina tsaye a tagar nan tunani ya zo min. Da baki haka kawai ba zan iya ba, an gani. A cikin waƙa fa? Waƙa tana da santsi. In kiɗa yana tafe yana jan mutum, wataƙila sunan ya zame ya fita kafin in tare shi. Kuma shi da kansa ya haƙa gurbin.

Na ce wa Hasna a mayar da wayoyin.

Litinin, da la'asar

Mun zazzage ƙwarya a kan tabarma. Ashe da yawa na cire. Hasna ta mayar da na wuta, ta mayar da na ɗan akwati, kwamfuta ta kama. Sai wata waya mai kai uku: ɗaya mai faɗi na kwamfuta, biyu masu zagaye, kowanne da haƙora biyar a ciki. Ta duba rubutun jikinsu, ta duba rubutun bayan fiyano, ta haɗa kowanne da mai irin rubutunsa. Ni ma da na iya karatu haka zan yi. Ta danna. A fuskar kwamfuta 'yan sanduna suna ta tafiya, fiyano ko tari.

Ta cire ta mayar, ta kashe ta kunna. Ta ce, "Iya, wallahi everything is correct, ban san me yake so ba." Sai ta kifa kai a kan tebur. Na taɓa wuyanta. Na ce je ki kwanta, a tambayi Josiah daga baya.

Ta ce kanta ne kawai. To, kanta ne kawai. Haka za ki rubuta, tunda ke kika faɗa.

Talata, ranar Babbar Sallah, da hantsi

Ba idi, ba rago, ba hayaƙi. Kabbara kawai muke ji daga lasifikar masallacin unguwa. Na sa wa Mu'mina rigar da ubanta ya saya mata tun kafin abin nan, ta yi mata kyau.

Yaya Yahuza ya kira daga Ringim. Bayan barka da Sallah ya ce in daure, in sa a raina komai na Allah ne. Wannan na sani. Sannan ya ce kayan kiɗan nan a fitar da su daga gidan, ba lokacinsu ba ne. Na ce, "Yaya, mai kayan yana nan, shi zai ce a fitar." Tunda nake ban taɓa mayar masa da magana ba.

Hasna a kwance take rubuta wannan. Ya isa haka.

Alhamis, da safe

Comfort ce take rubutu yanzu, tana zaune a baranda, ni ina ciki, ƙofar ƙarfe a tsakani. Hausarta ta Jos ce, in an ga wani abu a karkace ba ni ba ce.

Jiya sun zo sun tafi da Hasna. Ba inda aka kai shi ba, wani babban zaure ne na waɗanda nasu bai yi tsanani ba. Da ƙafarta ta sauka, ki sa wannan. Ni sun sa min tsinke a hanci sun ce ba ni da komai, amma sun sake min sabuwar munduwa. Tsohuwa kamata, ciwon ya tsallake ni ya ɗauki yara.

Saura ni da Mu'mina da fiyano. Ban ji tsoro ba. Na dai ja tabarmata kusa da ƙofa, saboda iska.

Juma'a, bayan azahar

Comfort, gyara zama, yau akwai labari.

Na ja teburin nan ni kaɗai har bakin ƙofa, da fiyanon da komai, don Josiah ya gani ta tsakanin sanduna. Ya leƙa bayan fiyano ya ce, "Ah, Hasna ta yi abin da kowa yake yi. Ni ma na taɓa yi a coci, ranar ɗaurin aure, amarya tana tsaye tana jira."

Ya ce, "Mama, kan nan biyu masu zagaye, ɗaya baki ne, ɗaya kunne. Ramukan bayan keyboard ma haka, ɗaya baki ɗaya kunne. Yanzu an haɗa baki da baki, kunne da kunne. Biyu suna ta magana ba mai ji, biyu suna ta saurare ba mai magana. Bakin waya sai kunnen keyboard."

Na ce, "To ai ko a gidan aure haka ne." Ke kuma kika yi ta dariya kina kallon mijinki, na gan ki.

Ni rubutu ba na ganewa, don haka na ce ya nuna min wanne ne bakin. Na tsinko jan zare daga gefen zanena na ɗaura masa. Na cire, na musanya. Haƙoran nan biyar ba sa shiga sai an juya kan daidai. Ya ce kar in tura da ƙarfi, in lallaɓa har in ji ya zauna. Na lallaɓa. Ya zauna.

Ya ce in danna dogon maɓallin nan na ƙasan kwamfuta, wanda Mu'mina ta danna.

Comfort, kin ji da kunnenki. Hannun yaron nan ya cika falo. Na hagun nan mai nauyi. Mu'mina ta saki abin wasanta ta zagaya bayan kujera tana leƙawa tana cewa Abba. Wannan karon ban ɗauko zane ba. Na tsaya na saurara har aka zo wurin da komai yake tsayawa, na ji shirun, aka wuce.

Ni Ɗelu, da ban taɓa zama a aji ba, ni na haɗa. Josiah ya ce in an buɗe gari zai ɗauke ni aiki a coci. Na ce ya fara neman izinin limamin Ringim.

Asabar, da hantsi

Yau faifan roba. Shi wayarsa kai ɗaya ce, mai faɗi, ta shige ba gardama. Josiah ya ce in buga. Na buga, sai wata ƙara ta fito kamar odar motar haya, har Mu'mina ta firgita.

Ya ce, "Saƙon yana zuwa, Mama, amma gidan wani yake shiga."

Ya sa na ja 'yar kibiyar nan da yatsa. Sama, a'a ƙasa, a'a Mama kin wuce, dawo. Mun daɗe a haka. Sannan na buga, ƙwaryata ta amsa. Ita ce, har ɗan tsagin nan na gefenta yana zizarsa. Ga ta a kife a kan tabarma ba wanda ya taɓa ta, ga muryarta a cikin roba. Duk dabarar yaron nan ce.

Na bi kiɗansa da ita daga farko har ƙarshe. Duk inda na buga, wani ɗan tabo ya fito a fuskar kwamfuta a ƙarƙashin nasa. Josiah ya ce akwai abin da ake dannawa ya miƙar da bugun ya zama daidai cif. Na ce shi yaron nan ya danna wa nasa? Ya ce in matso da kwamfutar, ya duba, ya ce a wannan waƙar bai danna ba. Na ce to bar mu haka.

Sawuna ga shi nan a ƙarƙashin sawunsa.

Lahadi, da yamma

Na sa abin kunne, na tsaya gaban makirfo. Na zo wurin na yi mm-mm. Muka sake, na yi mm-mm. Josiah ya ce a bari sai gobe.

Litinin, da safe

Hasna ta kira Comfort daga zauren can, nas ta aiko mata da saƙo. Comfort ta shiga gidanta ta rufe ƙofa kafin ta amsa. Da ta fito ta ce ba wani sabon abu. E, ke nake nufi, kuma idonki ban yarda da shi ba.

Litinin, bayan la'asar

Na ce su biyun su juya min baya. Josiah ya nuna min jan maɓallin, suka juya suna kallon bangon baranda. Mu'mina tana goye.

Kiɗa ya taso a kunnena, na rufe ido. Ban yi tunanin asibiti ba. Wata rana na tuna, a gona bayan Ringim, yana goye a bayana, gero ya fitar da kai, tsuntsaye sun sauko, surukata ta koma gida ɗauko ruwa, ba kowa sai ni da shi. Ko a ranar, da ba mai ji, mm-mm na yi. Na ce a raina, Ɗelu, kunyar wa kike ji yanzu? Waɗanda kike jin kunyarsu duk sun kwanta dama. Tsuntsun kuwa ga shi a kan zangarniya.

Aka zo wurin. Komai ya tsaya.

Na faɗa.

Bai fito da kyau ba, muryar ta fashe a tsakiya kamar ta mai mura. Josiah, baya a juye, ya ce, "Mama, za a iya sake ɗauka in kina so." Na ce wanda ya fita ya fita, ba ni da wani. Comfort ba ta juyo ba sai da ta gama da hancinta.

A'a, kar ki rubuta shi a nan. Yana cikin waƙa, ya isa.

Josiah ya sa na kunna daga farko har ƙarshe, kwamfuta ta dunƙule komai wuri ɗaya. Na goge ta da ruwan maganin nan na zura masa ta tsakanin sanduna, ya tura wa nas ɗin ta wayarsa.

Talata, da rana

Nas ta ce ta kunna masa. Ba ta ƙara komai a kai ba.

Laraba, bayan azahar

Na tambaya ko ya motsa. Comfort ta ce aiki ya yi wa nas ɗin yawa.

Alhamis, da yamma

Mu'mina ta koyi waƙar. In ta zo wurin sai ta yi shiru ta kalle ni.

Na duba bayan fiyano, jan zaren yana nan inda na ɗaura.

Juma'a, da safe

Ban ji tsoro ba.

Comfort, goge wannan. Rubuta na ji.

Lahadi, da hantsi

Comfort, bar tukunyar nan ta ƙone, zo. Zauna ki rubuta kafin in manta yadda ya faɗa.

Josiah ne ya fito da gudu ba takalmi, waya a hannu, ya zuro ta tsakanin sanduna. Nas ce. Ta juya wayar, sai ga shi. Ya rame, leɓensa duk ya tsage. An cire masa babban bututun nan na baki, saura ƙarami a hanci. Idonsa a buɗe. Nas ta ce tun shekaranjiya in ta kunna waƙar yatsun hannunsa na hagu suke motsi a kan zanen gado, ba ta so ta faɗa mana ba sai ta tabbata.

Muryar ba ta fita sosai, sai da na manna kunne. Ya ce, "Iya." Na ce na'am.

Ya ce, "Wa ya kunna miki kayan?"

Na ce, "Ni na haɗa su, da hannuna. Baki da kunne."

Ya rufe ido, na ga ƙirjinsa yana rawa, gabana ya faɗi, ashe dariya ce. Ya ce, "Ƙwaryarki ta riga ni shiga a baiti na biyu."

Na ce, "Kai ne ka makara."

Ya ja iska da ƙyar. Sannan ya ce, "Na ji gurbin. Sake faɗa, Iya. Ba kiɗa."

Ga Josiah a tsaye, ga nas baƙuwa tana kallo, ga tsohon nan ɗan China ya leƙo daga matakala. Na faɗa. Wannan karon bai fashe ba.

To yanzu ki ji. Na san a ƙa'ida Yaya Yahuza ake fara gaya wa, shi ne babba. Zai jira. Ubale da Hansatu ma su jira. Nas ta ce ta kira Hasna ba ta ɗauka ba, ƙila barci ya ɗauke ta a zauren can, ita kaɗai a cikin baƙi. Ita za a fara gaya wa. Ki yi ta kira har ta ɗauka, in ta ɗauka ki ba ni, ni zan faɗa mata da bakina: Mika'ilu ya tashi.

E, haka na ce. Rubuta shi yadda na faɗa, sannan ki kira min Hasna.